Ƙaron Bakin Teku

Ranar sadakar arba'in ɗin babanku, ina kicin ina juya waina, na ji Sani a bakin ƙofa yana gaya wa abokinsa da Turanci cewa Baba mutumin kirki ne, sai dai ba shi da zafin nema. Wai mutum da digirin dakta ya ƙare yana koyar da lissafi a makarantar unguwa a Lewisham. Na ci gaba da juya wainata, gida cike yake da baƙi. Amma maganar ta zauna mini a ƙirji har yau. Ba laifinka ba ne, Sani, ba a haife ka ba lokacin, kuma mu ne ba mu faɗa muku ba. To yanzu zan faɗa a rubuce, ku ukun ku ji: yadda aka yi babanku ya bar aikin teku, da inda tabon tafin hannun yayarku ya samo asali. Ba tukunyar miya ba ce, kamar yadda kuka taso kuna ji.

Kun san karatuna bai wuce firamare ba, ita ma ban kai ƙarshenta ba aka yi mini aure. Daga Haɗeja aka ɗauko ni, ban taɓa zuwa ko Kaduna ba, sai ga ni a Thamesmead, a wani flat can sama, cikin gini mai launin toka da ke kallon wani gini mai launin toka. Hanyoyin tafiya ma a sama aka yi su, dogayen barandu na siminti, iska na bi ta cikinsu tana kuka. Sai ki yini ba ki ji sallama ba. A gidanmu na Haɗeja idan kika yi tari a ɗaka, mutum uku za su ce miki sannu. A nan na taɓa faɗuwa a banɗaki na yi ta kwance, babu wanda ya sani sai yayarku, tana tsaye tana kallona da yatsa a baki. Maƙwabciya ɗaya nake da ita, Anti Memuna, 'yar Kumasi, tana sharar ofisoshi a wajen Charing Cross da sassafe, ta dawo kafin azahar. Hausarta irin ta zango ce, mace da namiji duk “kai” take ce musu. Farkon zuwana na ɗauka raini ne.

“Kai, amarya, ka fito ka sha iska mana,” haka take buga mini ƙofa. “Mijinka ya aje ka nan kamar buhun gari. Ka ruɓe fa.”

Aikin babanku kuwa, sai da na daɗe kafin na gane shi. Turawan nan, shekara da shekaru, idan suka tara sharar da suka rasa inda za su kai, sai su ɗura ta a ganguna, su like da siminti, su kai can tsakiyar teku su tura. Wata ta nukiliya ce, gubar da ba ta da launi ba ta da wari. Wata kuma ragowar yaƙi ce, bama-bamai da harsasai da abubuwan tayar da gobara da suka yi saura bayan an gama yaƙin duniya. Lokacin da muka zo an soma hayaniya a kan abin, an dakatar da zuba ta nukiliyar, aka ce a je a duba wadda ta riga ta nutse, ko za ta dawo ta cuci mutane. Babanku yana cikin masu dubawar. Jirgin ruwa ke kwashe su, su yi makonni ba labari, suna ɗebo laka da ruwa da kifi daga ƙasan teku. Idan ya dawo sai ya baje takardu a teburin cin abinci ya yi ta lissafi. Wata rana na kawo masa shayi na tsaya a kansa.

“Malam, wai me ake lissafawa haka? Gubar ko tana nan ko ba ta nan.”

“Tana nan, Kulu. Maganar ita ce nawa ke isa bakin mutum. Idan kika jefa ƙwayar gishiri a kogin Haɗeja, wa zai ji ɗanɗanonta?”

“Idan ana jefawa kullum fa?”

Ya ɗago ya dube ni ya yi dariya, ya ce shi ya sa aka ɗauke su aiki. Sai ya ba ni labarin wani mutum da ke cikin lissafinsu. Ya ce ba sa auna ni ko shi. Sukan bi garuruwan bakin teku suna tambaya, wa ya fi kowa cin kifi, wa ya fi kowa yini a cikin laka yana haƙar tsutsar kamun kifi, wa ke cin ciyawar ruwa. Sai su tattara duka su ɗora wa mutum ɗaya wanda babu shi a duniya. Idan lissafi ya nuna wannan mutumin ya tsira, to kowa ya tsira.

“Bawan Allah,” na ce. “Yana da mata?”

“Ba mu tambaya ba.”

“To ku tambaya. Wa ke soya masa kifin?”

Daga ranar na sa masa suna Malam Ci-Kifi. Babanku ya fi zama da shi a kan yadda yake zama da ni, na sha gaya masa haka cikin wasa. Idan kuma jirgi ya tafi da babanku, flat ya yi tsit, sai in tsinci kaina ina yi wa Malam Ci-Kifi hira ina wanke-wanke. Kada ku yi dariya. Mutum yana buƙatar wanda zai ce wa “ka ga yau ma ruwa ake yi.”

Akwai abu ɗaya da dole in bayyana muku kafin in ci gaba, don ku da aka haifa a nan ba ku san nauyinsa ba. Yayarku 'yar farina ce, kuma sunan kakarku ta wajen uba aka sa mata. Kunya biyu ke nan a kaina. A inda na taso, uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ko kuka yake yi sai ta kawar da kai wata ta ɗauka. Ba ƙi ba ne. A gida akwai kaka, akwai gwaggo, akwai matan gida, hannu ya yi yawa, yaro ba ya rasa mai rungumarsa. A Thamesmead babu kowa sai ni. Saboda haka idan muna mu biyu, goya ta nake yi, in yi mata waƙa, in shinshina wuyanta. Da na ji motsin mutum sai in sauke ta in gyara fuska. Babanta yana ce mata Ummi. Ni kuwa “ke” nake ce mata, ko “yarinyar nan.”

Shekarar da ta cika uku, da bazarar Turawa, aka aiki babanku wani garin bakin teku ya ɗebo yashi da ciyawar ruwa. Ranar Asabar ce, sai ya ce mu shirya mu raka shi. Muka shiga jirgin ƙasa. Ranar na fara ganin teku da idona. Na tsaya ina kallo, ruwa ba ƙarshe, sai na ji tausayin kaina ya kama ni, don na gane nisan da ke tsakanina da Inna. Babanku ya sa dogayen takalmansa na roba, ya ɗauki kwalabensa. Kafin ya tafi ya juyo.

“Ku yi wasanku a nan. Amma duk wani abu na ƙarfe da kuka gani, ko gwangwani ne, kada ku taɓa. Kin ji, Kulu? Ƙarfe.”

Na ce na ji. Kuma ban taɓa ƙarfe ba.

Innata sana'arta turaren wuta. A gabanta na tashi, ina ganin yadda ake jiƙa itace, a soya farce, a daka ƙaro, a haɗa da sukari da mai. Farce shi ne ɗan murfin da dodon koɗin teku ke rufe bakinsa da shi, daga nesa fatake ke kawo mana shi da tsada. Turaren da ta haɗo mini a gwangwani ya daɗe da ƙarewa, sai dai in buɗe gwangwanin in shaƙi abin da ya rage. Sandal ana samu a shagon wani Ba'indiye a Lewisham, amma farce da ƙaro babu. To ga ni a bakin tekun da farce ke fitowa. Na duƙa ina tsintar duk abin da ya yi kama da shi, ina jefawa a ɗan bokitin roba na yayarku, wanda ta cika da ruwa wai gidan kifinta ne. Can a inda ruwa ke zuwa ya koma, na hangi wani ɗan curi, bai kai ƙwan zabo ba, ruwan zuma, yana ɗan sheƙi. Ƙaro sak. Na ce Allah mai iko, ashe har a ruwa ana samunsa. Na ɗauka a jiƙe na jefa cikin bokitin. Ban nuna wa babanku ba. Haɗin turare sirrin mace ne, miji ƙamshi kawai ya kamata ya ji. Da muka dawo gida yayarku ta ƙi yarda a zubar da ruwan kifinta, sai na juye komai a kwalbar jam, da ruwan da duka, na ajiye a taga. A nan ya zauna har sanyi ya shigo.

Da sanyin ne jirgi ya sake tafiya da babanku, tafiya mafi tsawo da ya taɓa yi. Na ƙudura a raina cewa wannan karon zai dawo ya tarar da ɗaki yana ƙamshin gida, kamar yadda ake tarbar matafiyi. Wata safiya na tsame kayan cikin kwalbar, na baza a faranti, na ɗora a kan heater, abin ɗumama ɗaki, su bushe. Na shiga banɗaki ina cuɗa kayan da na jiƙa a bokiti. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Ihun da na ji ban taɓa jin irinsa daga bakin ɗan Adam ba.

Tana tsaye a tsakar falo, hannunta a dunƙule, farin hayaƙi na fita ta tsakanin yatsunta. Wari kamar tafarnuwa da ashana. Na ɓamɓare hannun, abin ya narke ya manne mata a tafi, wani yanki ya faɗi a kan kafet ya ci gaba da ci. Na sa bakin zanena na goge, zanen ya kama. Sai na sure ta na yi banɗaki na tsoma hannun a bokitin wanki. Hayaƙin ya tsaya. Na ciro in duba, ya sake tasowa. Na mayar, ya tsaya. A nan na gane wannan wutar ba irin wadda na sani ba ce, iska take jira. Na riƙe hannun a ruwa, da ɗaya hannun na yi ta dukan bango ina kiran Anti Memuna. Allah ya sa ta dawo daga aiki. Ita ta tattake wutar kafet da jiƙaƙƙen tawul, ita ta kira ambulance. Da bokitin muka shiga motar. Masu motar suka yi ta fama in saki su duba hannun, na ƙi. A asibiti ma na ƙi, har sai da mutum biyu suka riƙe ni. Daga baya likitan da kansa ya sa aka mayar da hannun cikin ruwa, a ciki suka tsince abin. Amma an riga an ga wata baƙar mata ba takalmi, da ƙonannen zane, tana kokawa da ma'aikata a kan 'yarta.

Washegari wata mata ta zo daga council, hukumar unguwarmu, social worker ce mai kula da lamarin yara. Ba muguwa ba ce, ina so ku san wannan. Muryarta a tausashe, har ta kawo mini shayi. Anti Memuna ce ke yi mana tafinta. Matar ta ce likitoci sun ce wannan ba ƙunar murhu ba ce, wani sinadari ne, a ina na samo shi? Na ce dutse ne na tsinta a bakin teku, ya kama wuta da kansa. Ta dube ni, ta dubi Anti Memuna. Sun riga sun je flat, sun ga kasko da gawayi da ƙananan kwalabe, dutsen kuwa ya cinye kansa, sai rami a kafet. Muna zaune a gefen gadon yayarku, tana ta miƙo mini hannu mai lafiyar tana kuka, ni kuwa ga baƙuwa, ga nas, ga likita namiji a tsaye, sai na kawar da kai ina jiran wata ta ɗauke ta, kamar yadda aka koya mini. Matar ta ga wannan. Sai ta yi tambayar da na fahimta ba tare da tafinta ba. Ta ce mene ne sunan 'yata.

Na sunkuyar da kai. Bakina ya ƙi buɗuwa.

“Ka faɗi mana!” Anti Memuna ta zungure ni da gwiwar hannu. “Kunyan nan ka bar shi Haɗeja. Nan London ne, za su ɗauke yaron ka!”

Ban iya ba. Anti Memuna ce ta faɗa. Kafin yamma aka sanar da ni cewa yarinyar za ta zauna a asibiti, ba zan gan ta ba sai da nas a wurin, kuma za a yi zama a yanke ko za a mayar mini da ita ko a ba wasu su riƙe.

Waɗannan makonnin su ne mafi tsawo a rayuwata. An aika wa babanku saƙo ta rediyon jirgi, amma jirgi ba ya juyowa don mutum ɗaya. Kullum in hau bas biyu zuwa asibiti, in zauna a kujera nas na kallona, in dawo flat ɗin da ƙaurin ƙuna bai bar shi ba. Takalmanta na bakin ƙofa yadda ta cire su, ban taɓa ba. Anti Memuna tana kawo mini waakye, shinkafa da wake irin tasu, a kwano, in ci loma biyu. Ita ce ta ba ni labarin yaran da aka ɗauka aka ba Turawa a ƙauye, suka girma ba su san kalma ɗaya ta iyayensu ba. Ba don ta tsorata ni ta faɗa ba, so take in farka. Ban kira gida ba. Me zan ce wa Inna? Sai Malam Ci-Kifi nake wa magana. In ce masa, kai da aka auna maka komai, aka ce ka tsira, ka taɓa ganin dutse ya ci wuta? Ko ni ce na haukace? Don har na soma shakkar abin da idona ya gani.

Babanku ya iso wata rana bayan la'asar, kai tsaye daga jirgi, jakarsa na warin man inji da kifi. Ya riga ya biya asibiti. Babu turare, babu girki. Ya tsaya a kan ramin kafet ya daɗe yana kallo.

“Gaya mini tun daga farko. Kada ki tsallake komai.”

Na faɗa. Da na zo kan curin sai ya tsayar da ni.

“Wane launi?”

“Kamar ƙaro. Ruwan zuma.”

“Da ya kama, warin me kika ji?”

“Tafarnuwa.”

Ya zauna a ƙasa, ba a kujera ba, ya dafe kansa. Can ya ce abin sunansa fosfaras, cikin bam ɗin tayar da gobara ake sa shi. A ruwa zai shekara hamsin lafiya, da ya bushe sai ya kama. Ya ce an zubar da irinsu a teku bayan yaƙi, ƙarfen ya ruɓe, na cikin ya fito, igiyar ruwa na kawo shi gaɓa jefi-jefi. Ya ce a ofishinsu an san da haka a wannan gaɓar. An zauna an auna, aka ga abin ba ya faruwa sai nadiran, aka ce ba sai an kafa allo an tsorata masu zuwa hutu ba. Shi ma yana wurin da aka auna.

“Na ce miki ƙarfe,” ya ce. “Ƙarfe kawai na ce miki. Mun lissafa mai cin kifi, mun lissafa mai haƙar tsutsa. Mai tsintar ƙaro ba ta zo mana a rai ba.”

Abin da na ji a lokacin ba fushi ba ne. Sanyi na ji, cewa ashe ban haukace ba.

Amma duk wanda ke wannan aikin sai da ya yi rantsuwa ba zai fitar da abin da ya shafi kayan soja ba. Washegari ya je wurin shugabansa, ya roƙe shi ofis ya gaya wa council gaskiya. Ya dawo da azahar, tun daga yadda ya rataye kwat ɗinsa na san amsar. An ce masa ya yi haƙuri, za a duba, irin wannan abu sai ya bi ta hannun manya, yana iya ɗaukar watanni. Zaman council kuwa saura kwanaki. Ya ɗauko rigar da zai sa ya soma guga da kansa, abin da bai taɓa yi ba tun aurenmu.

“Kulu, idan na buɗe baki a wurin nan, na gama hawa jirgi.”

Na san abin da jirgin yake a wurinsa. Yaron da ya koyi iyo a kududdufin bayan gari, ya zo yana ɗebo laka daga inda hasken rana bai taɓa kaiwa ba. Idan yana ba da labarin teku fuskarsa har haske take yi. Ban ce masa faɗa ba, ban ce kada ka faɗa ba. Na karɓi rigar na ƙarasa gugar.

A wani ɗaki cikin asibitin aka yi zaman. Dogon tebur, likita, 'yar council ɗin, wani ɗan sanda, da wata dattijuwa mai farin gashi da ke jagoranta. Babanku ya miƙe tsaye ko da yake an ce ya zauna. Ban ji duk Turancin ba, amma na ji ya faɗi inda yake aiki, na ji ya ambaci sunan garin, na ga likitan ya ajiye alƙalami ya gyara zama yana gyaɗa kai. Muryar babanku ba ta yi rawa ba. Da ya gama, dattijuwar ta ce maganar ƙuna ta fito fili. Amma da saura. An lura uwar ba ta ɗaukar yarinyar, ba ta kallonta, ta kasa faɗin ko sunanta. Babanku ya soma bayanin al'ada, ta ɗaga masa hannu. Ta ce ta ji, amma ita da idonta take so ta gani.

Aka kai mu ɗakin yaran, dukansu suna biye. Yayarku na zaune a ƙasa can ƙarshen ɗakin, ta ba mu baya, hannunta naɗe da bandeji kamar ƙullin fura, tana tura wata motar roba da ɗaya hannun. Kowa ya tsaya. Babanku na gefena. Sunan mahaifiyarsa ne, kuma a gabansa. Ya kawar da kai ya dubi taga, don ya rage mini nauyi. Na ji kamar an ce in tuɓe a kasuwa. Na tuna ya ajiye tekunsa a kan teburin can bai waiwaya ba. Na buɗe baki na kira ta.

Ba ta juyo ba. Ba ta taɓa jin sunan da muryata ba. Ta ɗaga kai ta dubi nas, ta dubi ƙofa, tana neman mai kiran. Na sake kira, da ƙarfi, har muryata ta fashe. Sai ta waiwayo ta gan ni, ta yi tsai kamar tana tambaya, ni? Na durƙusa na buɗe hannuwa a gaban Turawa da mijina da kowa. Ta taso da gudu, bandejin a sama.

Bayan kwana kaɗan muka dawo da ita gida. Babanku ba a kore shi a take ba, ba haka suke yi ba. An dai daina sa sunansa cikin masu tafiya, aka mayar da shi wani ɗaki yana jera kwalabe, da wa'adin aikinsa ya cika ba a sabunta ba. Ya nemi irin aikin a wurare da dama, ba wanda ya kira shi. Ya yi shekara yana zaune kafin makarantar Lewisham ta ɗauke shi, a nan ya yi sauran rayuwarsa, yana koya wa 'ya'yan mutane lissafi. Bai taɓa goranta mini ba. Shi ya ce a ce muku tukunyar miya ce, don kada yarinyar ta taso tana ganin a kanta ya rasa aikinsa. Shekaru bayan haka, kuna firamare, aka nuna a talabijin irin abubuwan nan suna fitowa gaɓa a can arewa, ana gargaɗin mutane kada su taɓa. Yana cin tuwo. Ya kalla har aka gama, ya ce mini, “Ƙara mini miya, Kulu.” Ke nan. Amma duk ranar da muka je bakin kogin Thames ya ga jirgi na fita, sai ya bi shi da ido har jirgin ya ɓace, ni kuma in ja ku gaba da surutu don kada ku lura. Ni ma ban sake haɗa turare ba. Na kanti kuka taso kuna shaƙa.

To Sani, ka ji zafin neman babanka. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Ke kuma, na san kin sha tambayar kanki me ya sa nake kiran ƙannenki da sunansu ke ban da ke. Kin taɓa faɗa wa Auta cewa Mama ba ta taɓa kiran sunanki ba ko sau ɗaya. Na kira. Sau biyu, a rana ɗaya, kina da shekara uku, kuma kin zo da gudu. Daga nan bakina ya koma yadda aka gina shi, ban iya sake shi ba. Amma alƙalami ba baki ba ne, kuma surukata da babanki duk sun riga mu gidan gaskiya, babu sauran wanda zai kawar da kai.

Rakiya. Buɗe tafin hannunki ki duba. A kansa babanki ya bar teku, kuma bai taɓa cewa ya yi asara ba.